Kalangu a Cikin Kwamfuta

Saƙon ƙanwata gajere ne: an sa ranar auren 'yarta a Yawunde, idan ban zo ba in nemi wata ƙanwar. Na ɗanta ya fi tsawo. Ya turo hoton wani ɗan akwatin ƙarfe mai maɓallai, ya ce don Allah Kawu a nemo masa irinsa a Kano, tunda naira ta yi ƙasa, kayan Najeriya sun yi wa mai sefa araha. Shi zai yi wa yayarsa waƙar biki, kuma a ɗakinsa zai ɗauka. Akwatin shi ne abin da 'yan situdiyon Zoo Road ke kira sawun-kad, na'urar da ke karɓar murya daga makirufo ta miƙa wa kwamfuta. Na samo shi a Beirut Road, na cusa shi tsakanin turamen atamfa da kwalaben turaren wuta da mata suka ɗora mini, na kama hanya. Zumunta a ƙafa take.

Daga Yola muka tsallaka zuwa Garwa, garin Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, a bakin Binuwai. Daga nan mota ta yi ta hawa har tudun Adamawa, zafi ya sake mu, muka shiga Ngaundare ina laluben rigar sanyi. A nan layin dogo ya ƙare tun da ya iso a 1974, kuma daga nan jirgin dare ke tashi zuwa Yawunde, tafiyar sama da kilomita 600. Barci sai dai a sace shi. Duk tashar da aka tsaya, ko ƙarfe nawa ne, mata da yara za su yi wa tagogi caa da zuma a kwalba, da ayaba, da bobolo, wato jiƙaƙƙen rogo da aka daka aka naɗe a ganye kamar sanda. Da gari ya waye na leƙa, sai na ga ciyawa ta ƙare, daji ya rufe ko'ina, ƙasa ta koma ja wur.

A Yawunde ko dai kana hawa ko kana gangara. Tasi ruwan ɗorawa ce, ta haɗaka, kuma da ƙa'idarta: direba zai rage gudu, ka ɗaga murya ka faɗi unguwa da abin da za ka biya. In ya yarda ya danna oda, in bai yarda ba ya wuce, ko kallo ba ka ishe shi ba. Ɗan ƙanwata ya ce, "Birik!" Aka yi mana oda.

Birik ita ce Briqueterie, kuma ma'anar sunan wurin gasa jan bulo. Jamusawa ne suka kafa sansani a Yawunde a 1889, a nan aka riƙa gasa musu bulon gini. Fataken Hausawa suka biyo sawu da cinikin haure da danƙo da goro, a zamanin Faransa kuma aka tattara su a wannan gefen, har ga shi suna da sarkinsu da limamansu. Yau duk mai riga da hula a garin "Hausa" ake ce masa, ko da Bafulatani ne, ko Babarbare, ko mutumin Mali. Kana shiga unguwar hanci ne zai fara gaya maka ka zo gida: hayaƙin tsire, wanda suke kira soya, da kilishi a shanye, da turare. Sai kunne ya karɓa: kekunan ɗinki jere suna ta sukuwa a kan shadda, da Hausar da ta sha Faransanci kamar yadda tamu ta sha Ingilishi. Wuta a bakinsu kuran ce, mahaɗar titi kuwa karfur.

Daga Birik muka wuce gidan ƙanwata. Yana Nkomkana, in ka wuce Tsinga da babban masallacinta da Saudiyya ta gina, ga kuma zauren taron da China ta gina a 1982 yana leƙo ka daga kan tudu. Ɗakin yaron a bayan gida yake, rufin kwano, bai fi taku huɗu ba ko ta ina. Ya jingina tsohuwar katifa a bango, ya rataye barguna biyu a ƙusa, ya samo ƙyallaye buhu guda wurin teloli ya danna a kusurwa don su shanye amsa-kuwwa. Gaban makirufo ya ɗaura safar mata a bakin tsohuwar rariya, don iskar "fa" da "ba" kada ta bugi na'ura. Kwamfutarsa ta hannu ce, 'yar gwanjo, allon rubutunta na Faransa: na je danna A sai Q ta fito. Manhajar da yake aiki da ita FL Studio ce, ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda ta fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops. Ita ce dai a hannun yaran Kano da na Legas.

Ni abin da na sani na zamanin tef ne. Na yi shekaru a ɗakin ɗaukar murya na wani gidan rediyo, lokacin da ake yanke kuskure da reza a liƙe da salatif. Allon kwamfuta ya fi ƙarfina. Amma maigidana na wancan lokaci ya bar mini doka guda: in abu ya lalace, taɓa abu ɗaya, ka saurara, ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba. Mai taɓa uku a tare, ko ya gyara bai san me ya gyara ba.

Daren farko muka jona akwatin, yaro ya yi sallama a makirufo, shiru. Ya fara zufa, yana cewa ko an sayar wa Kawu jabu. Na ce ya karanta mini rubutun da ke jikin kowane maɓalli. Da ya zo kan "48V" na ce danna. Irin wannan makirufo na situdiyo ba ya motsi sai an tura masa wuta ta cikin wayarsa. Murya ta fito. Muka yi dariya, amma ba ta je ko'ina ba, don da ya sa abin kunne ya fara rerawa sai ya tsaya cak.

"Kawu, wani yana bina a baya."

Na karɓa na gwada. Na ce "a'a", sai bayan na rufe baki na ji "a'a". Wannan shi ne jinkiri, babban ciwon kan mai ɗaukar sauti a gida. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti yana zuwa tana miƙawa. Sai ta tara shi a ɗan ma'aji, ya cika, ta yi aikinta, ta juye. Masu sana'ar suna kiran ma'ajin bafa, ni kuwa guga na kira shi. Babban guga ba ya gajiyar da mai ja, amma mai ƙishi zai jira. Ƙaramin guga yana kawo ruwa nan da nan, amma hannu ba ya hutawa, in ya gaza sai ruwa ya yanke. A tsarin da yaron ke kai, kwamfuta tana ɗibar sauti sau 44,100 a kowane sakan, gugansa kuwa yana kan 2048. In ka raba, kowane cikawa yana cin kashi 46 cikin dubu na sakan, ga na shiga ga na fita, ya kusa kashi ɗaya cikin goma na sakan ke nan. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan guda. Ashe yaron yana jin muryarsa ne kamar daga nisan mita talatin da wani abu, daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta.

Kafin mu taɓa gugan sai da muka sauya direba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin akwatin da kwamfuta. Ya bar shi a kan na gama-gari, wanda ke bi da sauti ta doguwar hanya. Muka sauke na akwatin kansa, irin wanda ake kira ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Hambug, masu Cubase, suka fito da shi don murya ta bi gajeriyar hanya. Na ce masa kakannin waɗannan Jamusawan sun gasa bulo a Birik, ga jikokinsu sun shigo maka ɗaki. Sannan muka riƙa rage gugan: 1024, 512, 256. A 128 mai bin bayan ya ɓace, sai dai sauti ya fara ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Kwamfutar ce ta gaza ja. Muka koma 256. Na yago takarda daga littafinsa na makaranta na rubuta: ɗauka 256, a kashe duk kayan ƙawata murya, haɗawa 1024. Ya liƙa a bango.

Kafin mu kwanta ya kunna wani tsohon aikinsa don in ji, sai muryarsa ta fito siririya da sauri kamar ta ɗan shekara goma. Sabon akwatin yana kan 48,000, aikin kuwa an yi shi a 44,100. Bambancin ya kusa kashi tara cikin ɗari, ya isa ya mai da ƙato yaro. Muka daidaita lambobin biyu, ya koma shekarunsa.

Dare na biyu na gurnani ne. Da zarar an ɗaga ƙarfin makirufo sai ka ji "mmmm" a ƙasan komai, kamar injin niƙa a unguwar maƙwabta. Wannan na san shi tun zamanin tef. Wutar Kamaru, kamar tamu, tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma duk inda ta sami kafa sai ta shiga cikin sauti. Muka fara cirewa ɗaya-ɗaya. Fanka: yana nan. Fitila: yana nan. Na raba wayar makirufo da wayar wuta da suka nannaɗe a ƙarƙashin tebur: ya ragu kaɗan. Da ya zare cajar kwamfuta sai ɗakin ya yi tsit, har muna jin gyare a waje. Caja ce ta kasuwa marar suna, soket ɗin kuma mai ido biyu, babu wayar ƙasa. Maganin na kyauta ne: a cika batir da rana, a ɗauka da shi da dare. Amma da aka koma kan batir sai ƙaras-ƙaras ɗin jiya ya dawo, domin kwamfuta tana rage wa kanta ƙarfi don ta yi tattalin wuta. Shi ya san inda ake hana ta, cikin wani shafi na Faransanci da ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya gyara, na rubuta.

Saura wani "tak!" da ke faɗowa can ba a rasa ba. Muka yi shiru muna jira kamar masu farautar gafiya. Karo na uku na ji wani abu ya yi ajiyar zuciya a tsakar gida daidai lokacin. Firijin ƙanwata ne, wanda take daskarar da zoɓon sayarwa, folere a bakinsu. Duk sanda injinsa ya tashi sai ya harbo ta layin da lasifikokin ɗakin suke.

"Yaya, in zoɓona ya narke kai za ka biya."

"Awa ɗaya kawai. Waƙar 'yarki ce."

"To, awa ɗaya. Ina kallon agogo."

Daga ranar muka san lokacinmu. Sai bayan Isha da nisa, lokacin da teloli suka rufe, 'yan babur suka ragu, mashayar da ke gangare ta rage kiɗan bikutsi. Sai kuma kafin kiran assalatu. In hadari ya haɗo a tattara, don ruwan Yawunde a kan kwano ko ganga ba ta fin ƙarfinsa. In an ɗauke kuran kuwa mu gaba ta kai mu: firiji ya kwanta, unguwa ta yi shiru, batir na aiki. Shi ne karo na farko a rayuwata da na ga ana murna da ɗauke wuta.

Rana ta uku na ce masa kiɗan nan nasa ya yi tsabta da yawa, babu gumi a ciki. Duk daga cikin kwamfuta ya ɗebo shi. Ƙanwata ta ce akwai wani dattijo a layin masu soya da ke da kalangu. Ba abin mamaki ba ne, kalangu ai kiɗan mahauta ne tun fil azal, inda duk aka kafa tukuba yana kusa. Muka je da la'asar, muka gaisa, muka ci tsire da yaji mai sa hawaye, sannan muka faɗi buƙata. Ya ce uwar amarya ba ta taɓa wuce shi ba ta gaishe shi ba, zai zo.

Ya zo da dare, ya cire takalmi, ya dubi katifar da bargunan ya ce, "Nan ne gidan rediyon?" Aka sa masa abin kunne. Ya matse kalangu a hammata, ya buga uku, ya cire.

"Yaro, wannan abin naka yana mayar mini da magana."

Jinkirin da mu muka daina ji, shi hannunsa ya ji. A jikin akwatin akwai maɓallin da ke kai sauti kunne kai tsaye kafin ya shiga kwamfuta. Muka danna. Ya buga, ya gyaɗa kai. Sai yaron ya kunna masa ɗan "tik, tik" ɗin da ke riƙe wa mawaƙi lokaci. Dattijo ya saurara kaɗan ya ce, "Wane ne wannan?" Aka ce agogo ne, Baba, shi za ka bi. Ya ce shekara arba'in yana kiɗa, mutane yake bi, bai taɓa bin agogo ba.

A nan na ga yaron ya yi abin da ya burge ni. Bai yi gardama ba. Ya kashe agogon, ya tsaya gaban dattijo ya rera masa da baki, dattijo ya bi shi, aka ɗauka. Bayan ya tafi sai ya zauna ya auna saurin bugun, ya saita manhajar a kansa. Ya gano kuma abin da ya sa kiɗansa na farko yake ɗingishi da waƙar: layukan da manhaja ke zuwa da su sun raba kowane bugu biyu-biyu, hannun Baba kuwa uku-uku yake rabawa. Ya ce, "Kawu, ai irin tafiyar bikutsi ce." Kiɗan mutanen Beti, masu garin, shi ma a kan shida yake gudu, kuma tun yana jariri yake shigo masa ta taga. Ya sauya layukan, komai ya hau kan kalangu ya zauna daram.

Dare na huɗu na gyaran murya ne. Duk mai jin waƙoƙin finafinan Hausa ya san muryar nan mai santsi kamar ta cikin kwalba. Aikin Auto-Tune ne, wanda Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin binciken mai a ƙarƙashin ƙasa, ya fitar a 1997, duniya kuma ta san shi da waƙar Cher mai suna "Believe" a 1998. Aikinsa ya ja murya zuwa matakin sauti mafi kusa cikin matakan da ka ba shi. Yaron ya ɗora irinsa, ya ƙure saurinsa, ya bar shi a kan matakai bakwai na Turawa, kuma ba daga inda waƙarsa ta tashi ba. Ya kira uwarsa ta ji. Tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Wace kukar za ta daina? Miyar?"

Akwai wurin da yake lallashin amarya ta daina kuka. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kukar miya kuwa ta biyun faɗuwa take. Na'ura ta ga gaɓar ƙarshe tana lilo tsakanin matakai biyu, ta fizgo ta ƙasa, ta mai da hawaye miya. Ba ta yi laifi ba, abin da aka sa ta ta yi. Muka lalubo matakin da waƙar ta tashi a kai da ɗan allon fiyano, muka ga matakai biyar kawai take takawa, kamar yawancin waƙoƙinmu. Ya cire biyun da ba ruwansu, ya sassauta saurin don murya ta sami damar gangarowa da kanta. Ni na so a cire abin gaba ɗaya. Ya ce, "Kawu, in babu shi ƙawayenta za su ce ba a gama ba." Muka raba: amshi da shi, baitoci da ɗan kaɗan. Kalangu kuwa muka hana kowace na'ura taɓa shi, don maganarsa duk a cikin wannan lanƙwasar take.

Kafin ya ce ya gama na sa ya tura waƙar a wayar uwarsa mai fasasshen gilashi, muka saurara a tsakar gida. A nan mutane za su ji ta, ba a abin kunnensa ba. Kalangu ya danne murya, aka rage shi. Ya adana kwafi biyu, ɗaya a filashi, ɗaya ya tura wa kansa ta WhatsApp.

Ranar kamu aka kafa rumfa a layin, aka yi hayar lasifika. Da aka saki waƙar ba wanda ya yi zancen guga ko direba. Mata suka yi guɗa, ƙawaye suka shiga fili, amarya ta yi kukan da aka ce ta daina, ƙanwata tana share ido da gefen mayafi tana raba folere. Dattijon yana tsaye can baya da hularsa a karkace. Da aka zo inda kalangu ya yi kirari shi kaɗai, sai na ga yatsunsa suna motsi a jikin rigarsa. Ya matso kusa da yaron ya ce, "A nan na yi sauri kaɗan." Yaron ya ce za a iya gyarawa, Baba. Ya ce, "Bar shi. Haka na buga."

Da zan tafi na shiga ɗakin in yi sallama. Takardar bango ta cika har ta bayanta, rabi rubutuna da Hausa, rabi nasa da Faransanci, kuma a ƙasa wani ya ƙara da jan biro: a tambayi Mama kafin a kashe firiji. A jirgin komawa, bayan mun wuce Belabo, na sa abin kunne na sake ji. Gab da ƙarshe, inda kiɗa ya ɗauke kafin amshi na ƙarshe, akwai wani ɗan sauti can ƙasa da duk binciken da muka yi bai kama ba. Na mayar sau uku kafin na gane shi. Odar tasi ce a gangaren Nkomkana, wani direba ya yarda da farashi.